Shugabanni Sun Ce a Dakata, Ma'aikata Suka Ce A'a

A filinmu na tarihin maƙwabta, wannan makon mun leƙa Najeriya, kuma maganar yajin aiki ce.

Wani zai ce to ina ruwan mai kiwo da yajin aikin ma'aikatan gwamnati, ai saniya ba ta san ƙarshen wata ba. Haka ne. Amma duk wanda ya taɓa loda shanu a tirela ya nufi Legas, aka ce masa babu mai a hanya, ko wanda albasarsa ta kwana huɗu a tasha tana zubar da ruwa, ya san cewa ranar da aka fara yaji da ranar da aka janye shi, duka a aljihunsa suke ƙarewa. Waɗannan ranaku biyu kuwa ba gwamnati kaɗai ke tsayar da su ba. Sau da yawa rigimar cikin gida ce ke yanke su, tsakanin shugabannin ƙungiyar ƙwadago, wadda mutanen Nijar ke kira sandika, da su talakawan ƙungiyar, masu biyan kuɗin wata-wata da tsayawa a rana. Shi ya sa muka ga ya dace a san yadda abin yake tafiya, kuma mu fara daga tushe.

Mu koma 1945. Yaƙin Duniya na Biyu ya ci shekara shida. Ingila ta tatse ƙasashen da take mulka: gyaɗa, kwakwar manja, roba, kuza, da samari masu zuwa fagen fama har Bama. Gishiri ya yi wuya, yadi ya yi wuya, kananzir sai wane da wane. A ƙauyukan Arewa, tsakanin 1942 da 1944, an riƙa kwasar mutane ana kai su aikin haƙar kuza na tilas a tsaunukan Jos, su kuwa waɗannan ba su da ƙungiya balle wanda zai yi magana da yawunsu. Masu ƙungiya su ne ma'aikatan gwamnati na birane, musamman na reluwe.

Dokar da ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago a Najeriya ta fito a 1938, kuma ƙungiyar ma'aikatan reluwe ce ta fara yin rajista, a 1940. Shugabanta shi ne Michael Imoudu, ɗan wani tsohon soja, mutumin ƙasar Afemai a jihar Edo ta yanzu, wanda ya koyi aikin gyaran ƙarfe a babban garejin jiragen ƙasa na Ebute Metta a Legas. Ba ɗan boko ba ne mai kwat da lakataye. Hannunsa ya sha baƙin mai, kuma da harshen leburori yake magana. A 1941 ya ja dubban ma'aikata a ƙafa har fadar Gwamna. A 1942 Gwamna Bernard Bourdillon ya amince da wani ƙarin kuɗi na rage raɗaɗin tsadar rayuwa, wanda aka taƙaita sunansa ana ce masa Kola. Ba goro ake nufi ba, ko da yake masu karɓa sun ce bai fi na goron ba. An kuma yi alkawarin za a riƙa duba shi in kaya sun ƙara tsada. A farkon 1943 aka kori Imoudu daga aiki, aka tsare shi da dokar yaƙi, daga baya aka killace shi a Auchi.

Kaya suka ci gaba da tashi, Kola tana nan inda take. Abin da ya fi ƙona wa ma'aikata rai shi ne, a daidai lokacin ana ƙara wa Turawan gwamnati alawus iri-iri, har da na iyalin da suka baro a Ingila. A watan Maris na 1945 ƙungiyoyin ma'aikatan hannu na gwamnati suka rubuta takarda da buƙata biyu: a ƙara rabin abin da ake ba su na Kola, a kuma mayar da mafi ƙarancin ladan yini sule biyu da sisi. Ga matasanmu da ba su riski wannan kuɗi ba, kwabo 12 ne sule ɗaya, sisi rabin sule, sule 20 kuma fam guda. Gwamnati ta amsa a watan Mayu cewa babu kuɗi, kuma ko an ƙara albashi kaya ne za su ƙara tsada, tunda ƙarancin kayan ne matsalar. Wannan amsa dai har yau ba ta tsufa ba, kuna jin ta a rediyo duk shekara. Ma'aikata suka yi babban taro, suka ba da wa'adi: in ba a biya ba zuwa Alhamis 21 ga Yuni, za su ajiye aiki.

To a nan ne labarin ya ɗauki zafi. Yaƙi ya ƙare a Turai, aka saki Imoudu, ya iso Legas ranar 2 ga Yuni. Aka yi masa tarba irin ta sarki, tsoho Herbert Macaulay na cikin masu tarbar. Saura kwana 19 wa'adi ya cika.

Su kuwa shugabannin da suka riƙe ƙungiyoyi a lokacin da yake tsare, babbansu T. A. Bankole, shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, su ne suka yi ta hawa da sauka a ofisoshin gwamnati. Gwamna Arthur Richards ba ya ƙasar, mai riƙon ƙwarya G. C. Whiteley ne a kujera. Aka nuna musu doka: dokokin yaƙi ba a ɗage su ba, kuma a ƙarƙashinsu yajin da bai bi matakan sanarwa da sasanci ba laifi ne. Aka tuna musu cewa wanda ya bar aiki zai iya rasa aikin, ya rasa fansho da duk shekarun da ya tara. Da wa'adi ya matso, sai shugabannin suka yanke shawarar a ɗage yajin da mako biyu, don a cika sharuɗɗan doka a kuma ci gaba da magana.

Suka kawo wannan shawara gaban taron ma'aikata. Taro ya ƙi. Imoudu ya tsaya tare da masu cewa magana ta ƙare, aka bi shi. Tsakar daren 21 ga Yuni jiragen ƙasa suka yi ta busa a Legas, alamar an fara. Gari ya waye ranar Juma'a 22 ga wata babu jirgi a kan dogo.

Yanzu bari mu tsaya mu yi wa Bankole adalci, don tarihi bai cika yi masa ba. An fi tuna shi a matsayin wanda gwiwarsa ta yi sanyi. Amma ku duba inda yake zaune. Sunansa ne a takardar rajista, shi za a fara kamawa. Ya san asusun ƙungiya babu abin da zai ciyar da dubban iyalai ko na mako ɗaya. Ya ga fuskar Bature ya kuma karanta dokar da idonsa, alhali mai ihu a bayan taro bai gani ba. In aka kori mutum dubu, ƙofarsa matansu za su zo. Duk dillalin da ya taɓa tsayawa tsakanin mai saniya da mahauci ya san wannan hali: mai saniya yana ganin ka sayar masa da arha, mahauci yana ganin ka tsauwala, kai kuma kai kaɗai ka ji abin da kowannensu ya faɗa a kunne.

Sai dai a ganina, a wannan karon taron ne ya fi shugabannin karanta lokaci. Wata uku ana rubuce-rubuce ba a samu komai ba. Su suka sa wa'adi da bakinsu, a bainar jama'a, jaridu suka buga. In wa'adi ya cika ka ce a ƙara mako biyu, ka gaya wa gwamnati cewa barazanarka ta fatar baki ce, ka kuma ba ta kwana 14 ta shirya masu maye gurbi, ta raba kan mutane, ta kira wannan ta tsorata wancan. Leburan da ke karɓar ladan yini ba shi da fanshon da za a tsorata shi da shi. Abin da shugaba ke tsoron rasawa, shi ba shi da shi tun farko. Nan ne asalin saɓanin yake: mutum biyu a ƙungiya ɗaya, amma asarar da ke gaban kowannensu daban.

Yajin ya bazu. Ma'aikatan reluwe, na tashar jiragen ruwa, na gidan waya da tangaraho, na ma'aikatar ayyuka, na maɗaba'ar gwamnati, duk suka fita. Masu ƙirga sun saɓa, amma adadin yana tsakanin dubu 30 da dubu 40 da 'yan kai. Akawuna masu farar riga, yawancinsu, suka ci gaba da zuwa ofis, wanda shi ma wani rabuwar kai ne a cikin ma'aikatan kansu.

Ga inda abin ya taɓo kakanninmu. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Waɗannan tashoshi uku su ne bakin teku ga duk ƙasar Hausa, har da ɓangaren da Faransa ke mulka, don Nijar ba ta da dogo. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta Kano take bi ta sauka Legas. Fatu da ƙiraga haka. Shanun da aka koro daga arewa, wasu a ƙafa suke gangarawa kudu, wasu a tarago ake zuba su. Goro da gishiri da yadi kuma ta nan suke hawowa. Da ma'aikatan Zariya da Kaduna da Kano suka bi sahun na Legas, wannan jijiya ce ta tsaya, ana tsakiyar damina, lokacin da hanyoyin mota na wancan zamani suke zama taɓo.

Yaya aka yi mutanen da ba su da asusu suka jure? Gari ne ya ɗauke su. Matan kasuwar Legas, ƙarƙashin shugabarsu Alimotu Pelewura, waɗanda su ma suke da tasu rigimar da gwamnati kan ƙayyade farashin abinci, suka riƙa sayar wa masu yaji da sauƙi ko bashi, suka kuma tara gudummawa. Masu gidajen haya da dama suka ɗaga ƙafa. Matan ma'aikata da ke ƙananan sana'o'i su suka riƙe tukunya. Wannan lissafi ne da shugabannin ba su sa a ma'auni ba lokacin da suke duba asusu suna cewa ba za a iya ba. Jaridun Nnamdi Azikiwe guda biyu, West African Pilot da Daily Comet, suka goya wa yajin baya, gwamnati ta rufe su ranar 8 ga Yuli. Aka kama wasu jagorori aka kai su kotu, aka yi barazanar kora. Duk da haka jirgi bai koma yadda yake ba.

A farkon Agusta aka daidaita: ba za a kori kowa ba, za a janye ƙararraki, za a kafa kwamitin bincike kan tsadar rayuwa. A Legas yajin ya yi kwana 44. A wasu larduna ya haura 50. Kuma ba abin mamaki ba ne. Masu kai saƙon waya suna cikin yajin, jirgi ba ya tafiya, sannan mutumin da ya ga shugabanninsa sun nemi ja da baya tun kafin a fara, in takarda ta zo masa daga Legas cewa a koma aiki, dole ya tambaya wa ya rubuta ta. Kwamitin, wanda Tudor Davies ya jagoranta, ya ba da rahoto a 1946, ya ce ma'aikata na da gaskiya, aka ƙara musu rabin Kolar da suka nema. Bankole bai ci gaba da riƙe shugabancin ba. Imoudu kuwa tun daga nan ake masa kirari da shugaban ƙwadago lamba ɗaya.

Gwamnatocin da suka biyo baya, na Turawa da na 'yan ƙasa, sun ɗauki darasi daga wannan, ko da yake ba irin wanda ma'aikata za su so ba. Sun gane cewa ya fi sauƙi ka yi magana da mutum goma a ɗaki da ka fuskanci dubu goma a fili. A zamanin mulkin soja na Obasanjo aka yi bincike kan ƙungiyoyin ƙwadago, a 1977 aka haramta wa wasu tsofaffin jagorori sake riƙe muƙamin ƙungiya, Imoudu na cikinsu. A 1978 aka narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi zuwa manya 42, aka ɗora musu uwa ɗaya, wato NLC. Aka kuma tsara a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye. Wannan ya ba ƙungiya ƙarfi da kuɗi da ofisoshi da motoci. Amma ku lura da ɗaya gefen: sakataren da a da sai ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kwabo, yana shan tambaya da zagi, yanzu kuɗin na iso masa ko bai leƙa gareji ba. Imoudu ya rasu a 2005, ya haura shekara ɗari.

A 1994 an sake ganin irin wannan tsaga. Ma'aikatan mai, ƙarƙashin NUPENG da sakatarenta Frank Kokori, suka shiga yaji ranar 4 ga Yuli kan soke zaɓen 12 ga Yuni da tsare Abiola. Uwar ƙungiya, ƙarƙashin Pascal Bafyau, ta yi ta jan ƙafa, sai a farkon Agusta ta kira yajin gama-gari, kafin kwana biyu ta janye. Rassa da yawa na Arewa ma ba su shiga ba, don a wurinsu rigimar siyasa ce. Jan ƙafar bai ceci kowa ba: Abacha ya rushe shugabancin NLC da na ƙungiyoyin mai gaba ɗaya, Kokori ya zauna a tsare har 1998.

Sai wanda da yawanku kuka gani da idonku, na 2012. Ranar 1 ga Janairu, mutane na gida hutun sabuwar shekara, gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin fetur. Lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140. Ku tuna yadda bakin iyaka yake a lokacin: matatar SORAZ ta Damagaram ba ta fi 'yan makonni da buɗewa ba, kuma kwana ɗaya kafin nan an sa dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomin Borno da Yobe an rufe iyakokin wajen. 'Yan ruwa-ruwa a wannan gefe da 'yan bumburutu a wancan, kowa ya kwana yana sabon lissafi.

Abin lura, mutane ba su jira ƙungiya ba. Tun ranar 2 da 3 ga wata aka fara fitowa a Legas, Abuja, Ilorin, Kano. A Kano matasa suka mamaye dandalin Silver Jubilee suka kwana a can, har 'yan sanda suka tarwatsa su da tsakar dare. A nan ne aka ga Kirista sun yi wa Musulmi zobe suna salla, daga baya Musulmi suka je coci-coci suka rama. NLC, ƙarƙashin Abdulwaheed Omar, da takwararta TUC, ƙarƙashin Peter Esele, suka sa ranar Litinin 9 ga wata. Kotun ma'aikata ta ba da umarnin hana yajin, aka yi biris da shi. Ƙasa ta tsaya cik: bankuna, kasuwanni, filayen jirgin sama, tashoshin ruwa. A Legas dubun dubatar mutane ke cika dandalin Gani Fawehinmi da ke Ojota kullum. An rasa rayuka a Ilorin, a Legas, da Kano. Magana ɗaya ce a bakin kowa, har da shugabannin ƙungiya a kan mumbari: a koma 65.

Daga nan sai aka shiga zama a Abuja, shugaban majalisar dattawa David Mark na shiga tsakani. Ƙungiyar manyan ma'aikatan mai, PENGASSAN, ta ce za ta rufe rijiyoyin mai daga Lahadi, wanda shi ne makamin da gwamnati ta fi tsoro, sai kuma ta dakata. Ranar Juma'a aka ce a huta Asabar da Lahadi mutane su sayi abinci. Da safiyar Litinin 16 ga wata Jonathan ya yi jawabi ya ce lita ta koma naira 97. Kafin gari ya waye sojoji sun tare Ojota da manyan titunan Legas. Da rana shugabannin ƙwadago suka sanar da janye yajin.

Jama'a, zafin da aka ji a ranar ba kaɗan ba ne. Kalmar da ta fi yawo ita ce an sayar da mu. Reshen NLC na Kano ya fito ya ce shi bai janye ba, za a ci gaba. Bai daɗe ba shi ma ya bi uwar ƙungiya, don reshe ɗaya ba ya riƙe yajin ƙasa. Ranar Juma'a 20 ga wata kuma hare-haren bama-bamai suka auka wa Kano, aka kashe mutane fiye da 150, maganar fetur ta bar bakin kowa a garin.

Shugabannin sun kare kansu da cewa an nuna musu rahotannin tsaro, ƙasa na gab da rikicewa, ga sojoji a titi, kuma 97 ta fi 140. Ba zan ce duk ƙarya ba ne, abin da ya faru a Kano bayan kwana huɗu ya nuna lokacin ba na wasa ba ne. Kuma zargin an karɓi kuɗi, wanda ake yi kusan duk lokacin da aka janye yaji, faɗarsa ta fi tabbatar da shi sauƙi. Inda nake ganin laifinsu shi ne wajen alkawari da wajen shawara. Kai ka hau mumbari ka ce 65 ko a fasa kowa ya rasa, mutane suka fito a kan wannan magana, wasu ba su koma gida ba. In za ka sauka daga kanta, ai waɗanda ka kira su ya kamata su fara ji, ba su tsinta a talabijin ba. A 1945 Bankole, duk da abin da ake faɗa a kansa, ya kawo shawararsa gaban taro, taro ya ƙi ta. A 2012 babu taron da aka kawo wa.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta shekarun biyu, kuma ya shafe ku kai tsaye. A 1945 masu yajin su ne 'yan ƙungiyar, buƙatar kuma albashinsu ce. A 2012 yawancin waɗanda suka cika tituna ba su da katin kowace ƙungiya: 'yan acaɓa, 'yan tebur, ɗalibai, masu faci, marasa aiki. Ma'aikacin gwamnati in ya yi mako a gida, galibi albashinsa na nan. Mai shago da ya rufe mako guda, da mai tumatirin da ya ruɓe a Kwanar Dangora, da mai shanun da suka rame a kara ana saya musu ruwa da harawa, babu mai biyansu. Su suka fi ɗaukar nauyin yajin, amma ba su da ƙuri'a a majalisar da ke cewa a fara ko a daina. Wato dai an yi tuya da mansu, ba a tambaye su gishiri ba. Wasunsu ma, in za a faɗi gaskiya, sun yi ajiyar zuciya da aka janye, don jari ya fara narkewa. Talakawan yaji ba baki ɗaya suke magana ba.

'Yan kasuwar dabbobi da kayan abinci su ma sun ɗanɗana zama a kujerar masu yanke hukunci. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta hana kai shanu da abinci kudu, aka tare motoci a wajen Jebba. Nama da tumatir suka yi tsada a Legas, a Arewa kuma kayan gwari suka faɗi warwas a hannun manoma. Ranar 3 ga Maris shugabanni suka janye bayan zama a Abuja. Wanda yake da kaya a mota a makon nan, shi zai gaya muku ko an tambaye shi kafin a fara, ko kafin a daina.

Kada kuma a ɗauka kullum shugabanni ne a baya, mabiya a gaba. A watan Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta ɗaga lita daga naira 86 da kwabo 50 zuwa 145, wato sama da abin da aka tayar da ƙasa a kansa shekara huɗu kafin nan. A lokacin NLC ta dare biyu tun zaɓenta na 2015, ɓangaren Ayuba Wabba da na Joe Ajaero. Ɓangaren Ajaero, wanda ke da ma'aikatan mai da na lantarki, ya zauna da gwamnati. TUC ta zame. Wabba ya kira yaji daga 18 ga wata, ya fito titi a Abuja. A Kano da yawancin garuruwan Arewa aka buɗe kasuwa kamar kullum, bankuna suka yi aiki. Wasu don ƙaunar Buhari, wasu don sun tuna 16 ga Janairu sun ce ba za a sake da su ba. Ranar 22 ga wata aka janye.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabinsa na rantsuwa, lita ta ninka kusan sau uku cikin kwanaki, ta kai wajen naira 500. Joe Ajaero ne shugaban NLC a lokacin. Aka sa ranar Laraba 7 ga Yuni za a fara yaji. Gwamnati ta samo umarnin kotu, aka zauna a fadar shugaban ƙasa, daren Litinin 5 ga wata aka sanar da dakatarwa tun ba a fara ba. Jarkokin da ke tsallakowa ta Jibiya da Illela da Maigatari, farashinsu ya riga ya tashi tun makon da ya gabata.